Kwanson Harsashi Shaida Ne, A Daina Auna Shi A Sikeli

Idan 'yan bindiga suka shiga gari suka fita, gawa mukan yi mata sutura kafin azahar, waɗanda suka ji rauni a nemi motar kai su Kurfi ko Dutsin-Ma, sannan a zauna karɓar gaisuwa. Kwanson harsasan da suka zubar kuwa babu mai bi ta kansa sai yara. Su ne ke tsince shi a ƙofar masallaci da gindin darni da cikin kunyoyin gero, su tara a gwangwanin madara. Wani su dirje shi da toka da tsamiya har ya yi ƙyalli, su mai da shi usur. Sauran yana nan har ranar da ɗan gwangwan zai shigo da baronsa da sikelinsa, a haɗa masa da karyayyar garma da tsohon murhu, a karɓi kuɗin alewa. Na ga haka a Barkiya, na gani a ƙauyukan da ke tsakaninmu da Dutsin-Ma, kuma tun harin da aka kai Wurma a watan Agusta na 2019, wanda aka kwashi mutane masu yawa zuwa daji, abin yake ci mini rai. A ganina, cikin duk abin da maharan nan ke bari a bayansu babu shaidar da ta kai wannan ɗan ƙarfen ƙarfi, mu kuma muna sayar da ita a kilo.

Aikin ƙarfe na koyar a makaranta har na ajiye aiki, don haka idan na ɗauki kwanso, ƙarfensa nake fara dubawa. Na asali tagulla ne, haɗin jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30. An zaɓi tagulla ne saboda wani hali da take da shi. Da albarushi ya kama wuta sai ta buɗe ta manne da bangon kogon bindiga, ta tare zafi da hayaƙi kada su dawo fuskar mai harbi, sannan ta ɗan tsuke yadda za a iya zaro ta. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Da yawa daga kwanson AK-47, musamman ƙirar Rasha da Sin, baƙin ƙarfe ne aka yi masa shafe, kuma 'yan gwangwan sun fi kowa sanin haka, da maganaɗisu suke rarrabewa don farashin ba ɗaya ba ne. Na bindiga mai baki biyu shi ne na roba, ja ko kore, mai gindin ƙarfe.

A Amurka da wasu ƙasashen Turai, inda doka ta yarda, akwai maharba da masu gasar harbi da ba sa yar da kwanson tagulla. Sukan kai shi gida su sake cika shi. Da yake ya buɗe lokacin harbi, dole a matse shi cikin wani mazubi na ƙarfe ya koma girmansa, kuma ba ya shiga ya fita lafiya sai an shafa masa mai, in ba haka ba ya maƙale. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda suke ɗaukar goge man nan bayan an gama. Wasu da tsumma suke bi ɗaya bayan ɗaya, wasu su zuba a wata na'ura mai girgiza tare da niƙaƙƙiyar totuwar masara ta tsotse maiƙon. Mai gaggawa zai ce wannan tsirfa ce. Amma kwanso mai maiƙo ba ya kama bangon kogon yadda ya kamata, sai ya zame baya, nauyin da ya kamata bango ya taya ɗauka ya tattaru a kan makullin bindigar, wanda yake daidai fuskar mai harbi. Maiƙo kuma yana kwasar ƙura da yashi, idan ya kai ga albarushi ya lalata shi. Littattafan horon soja sun daɗe suna gargaɗin kada a shafa wa harsashi mai.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, bai taɓa jin labarin Amurkawan nan ba, amma ya san wannan karatu. Maharbi ne, da bindigar toka da maƙeri ya ƙera masa, yana cikin masu bin Sarkin Baka idan kaka ta yi aka fita farauta. Man keken ɗinki yake shafa wa jikin bindigar saboda tsatsa, cikin bututun kuwa sai ya bi shi da busasshen tsumma har tsumman ya fito fes kafin ya ɗura komai. In na matso kusa ina yaro sai ya ce, "Ja da baya, ɗan nan. Mai da albarushi ba su kwana ɗaki guda." Ya yi shekaru yana ɗaukar wa maigidansa jaka kafin a bar shi ya taɓa kunama. Yau bindiga ta shiga hannun mutanen da ba su ɗaukar wa kowa jaka ba. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito fili ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu, kuma ban ga laifin wanda aka kashe wa ɗa aka kore wa shanu ba idan ya ji wannan kira. Sai dai tare da bindigogin an samu masu ɗura kwanson roba a ƙuryar ɗaki da abin da suka ga dama. Dokar makamai ta 1959 ta hana haɗa harsashi ba tare da izini ba, kuma ko babu doka, na san mutanen da suka rasa yatsu ta wannan hanya. Ba na kiran kowa ga wannan sana'a.

Wancan mai sake cika harsashi na Amurka yana goge kwansonsa ne don nasa ne, ya san inda ya saya, ya san bindigar da ta harba shi. Kwanson da aka harbe mu da shi kuwa, ba mu san ko ɗaya daga cikin biyun nan ba, kuma amsar tana jikinsa. Goge shi ko dirje shi ko narka shi, ɓatar da amsar ne.

Juya gindinsa ka duba. Akwai lambobi da aka buga tun a masana'anta, galibi biyu: ɗaya ta masana'antar, ɗaya ta shekarar da aka ƙera shi. Lamba 539 ta masana'antar Tula ce a Rasha, 17 ta Barnaul, 10 ta Bulgeriya, masana'antun Sin kuma suna da nasu irin su 61 da 71 da 811. Wanda ya san aikin, da hoto kawai zai gaya maka ƙasar da shekarar. Idan harsashin da aka harba a gonarka bana an ƙera shi ne shekara biyu da suka wuce, to ba tsohon kayan yaƙin Libiya ba ne da ya daɗe yana yawo a Sahara. Wani ne ya sayo shi kwanan nan da takardu, ya shigo ta wata hanya, ya fita daga wani rumbu. Wannan tambaya ce da za a iya bi.

Rubutu na biyu bindigar ce da kanta take yinsa, kuma shi ya fi ba ni mamaki a matsayina na wanda ya yi rayuwarsa da zarto da guduma. Babu ƙarfe biyu da injin ya yanka suka fito da fuska iri ɗaya tak. Allurar da ke dukan gindin harsashi tana barin ɗan rami mai siffarta. Fuskar makullin da kwanson ke bugawa da ƙarfi tana buga masa zanenta. Ƙugiyar da ke fizgo shi waje tana barin ƙarce a gefensa. Ido ba ya gani sosai, amma a ƙarƙashin madubin ƙara girma, masani zai ajiye kwanso biyu gefe da gefe ya ce bindiga ɗaya ce ta harba su, kamar yadda makiyayi zai shiga kasuwar Caranci ya nuna saniyarsa cikin ɗari saboda tsagar kunnenta. Amurka tana da rumbun hotunan irin waɗannan alamu tun ƙarshen shekarun 1990, inda 'yan sandan wannan gari ke gano cewa bindigar da aka yi kisa da ita a wurinsu ita ce aka yi fashi da ita a wani gari. A yi tunanin abin da wannan zai nuna mana. Da an adana kwanson Wurma da na Tsauri da na hanyar Safana da na Batsari, da yanzu an san ko bindigogi nawa ne ke yawo tsakanin garuruwan nan da dajin Rugu, an san waɗanne ne ke fitowa tare, an san wadda aka ce an miƙa wa hukuma amma ta sake yin magana bayan wata shida.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai daga Brazil yake. A ƙarshen 2003 suka yi dokar da ta wajabta a buga lambar rukuni a jikin duk harsashin da aka sayar wa 'yan sanda da sauran jami'an tsaro, yadda za a san wace runduna aka ba wane kaya. A watan Agusta na 2011 aka harbe wata alƙaliya mai suna Patrícia Acioli a ƙofar gidanta a birnin Niterói. Mace ce da ta yi suna wajen ɗaure 'yan sandan da ke kisan gilla. Masu bincike suka tsince kwanson da ke wurin, suka karanta lambar, sai ga shi cikin kayan da aka saya wa 'yan sandan jihar ne, kuma bataliyar yankin da take shari'a tana cikin waɗanda aka raba wa. Wannan na cikin abin da ya buɗe hanya, daga ƙarshe aka ɗaure 'yan sanda goma sha ɗaya har da kwamandan bataliyar. A ranar 14 ga Maris 2018 kuma aka kashe Marielle Franco, kansila a birnin Rio de Janeiro, tare da direbanta. Kwanson ya nuna lambar UZZ-18, kayan da aka sayar wa 'yan sandan tarayya a 2006. A nan sai aka ga gibin tsarin: rukunin ya kai harsashi kusan miliyan biyu, an rarraba shi ko'ina a ƙasar, don haka lambar ta nuna cewa daga rumbun gwamnati ya fito amma ba ta nuna hannun da ya fitar da shi ba. Darasin da na ɗauka a nan na mai aikin hannu ne. Lamba tana aiki idan rukunin ƙarami ne kuma akwai littafin da aka rubuta wanda ya karɓa.

Kada a ce wannan sai ƙasashen nesa. A ranar 14 ga Yuni 2006, a Abuja, shugabannin ECOWAS suka sa hannu a yarjejeniyar ƙananan makamai, ta fara aiki a 2009, kuma ta tanadi a buga wa harsashi lambar rukuni da sunan masana'anta da ƙasa da shekara. Muna da masana'antar DICON a Kaduna tun 1964 tana ƙera harsasai. A 2021 gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar ƙasa ta hana yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. An ma taɓa gwada irin binciken a jiharmu. Wata ƙungiya mai suna Conflict Armament Research ta duba makaman da aka ƙwace a Katsina da Zamfara da Kaduna, ta fitar da rahoto a watan Janairu na 2020. Ta bi lambobi ta gano cewa wasu sun fito daga rumbunan Libiya, wasu daga na sojan Kwaddibuwa, wasu bindigogin Turkiyya ne da aka shigo da su ta tashar jiragen ruwa ta Legas, wasu kuma daga rumbunan jami'an tsaron Najeriya suka zurare. Abin da aka ƙwace kawai suka duba, wanda ɗan kaɗan ne. Abin da ke zube a gonakinmu ya ninka shi nesa ba kusa ba, kuma shi ne ke nuna abin da ake harbawa yau.

Wuri mafi sauƙi da za a fara shi ne gidanmu. A ranar 10 ga Oktoba 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma na jiha, mutum 1,466 a zubin farko. Yaranmu ne, wasu na koyar da su, wasu sun rasa rayukansu suna tsaron garuruwan da muke kwana a ciki. Don ina ƙaunarsu ne nake so a riƙa ƙirga musu harsashi. Wanda aka ba ashirin ya fita sintiri, ya dawo ya nuna saura nawa, ya faɗi inda ya harba sauran, ya kawo kwanson da ya iya tsincewa. Na san a tsakiyar artabu ba wanda zai duƙa neman kwanso, amma gari yana wayewa. Kowace bindigar da aka raba, a harba ta sau ɗaya a gaban hukuma a ajiye kwanson da sunan mai riƙe da ita. Ranar da aka tsinci gawar wani bafulatani a hanyar kasuwa aka ce dakarun ne, ko 'yan sa-kai ne, kwanson zai wanke wanda ba shi da hannu ya kama mai hannu. Duk wanda ya zauna a yankin nan ya san yadda irin wannan gawa guda take jawo a ƙone ƙauye sukutum, da yadda ƙone ƙauyen ke jawo a far wa rugar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Rabin wutar nan zargi ne ke hura ta, kuma zargi yana yin ƙarfi ne inda babu shaida.

Na san abin da za a ce mini, don an faɗa mini a majalisa. Na farko tsoro. Wani maƙwabcina ya taɓa tattara kwanson da aka zubar a bayan gidansa ya ɗaure a leda ya kai wani ofishin jami'an tsaro, da niyyar taimako. Wuni ya yi ana tambayarsa ina ya samu, wa ya ba shi, me ya haɗa shi da mutanen daji, sai da dattawa suka je suka karɓo shi. Da ya dawo ya ce mini, "Malam, ko a tsakar ɗakina na ga wani, masai zan jefa shi." Ban iya ce masa komai ba. Muddin wanda ya kawo shaida shi ne zai zama abin tuhuma, ba wanda zai kawo. Shi ya sa nake ganin hanyar ta bi ta sarakunanmu: mai unguwa ya tattara a gaban shaidu biyu, ya miƙa wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, Maradin Katsina a Kurfi ko 'Yandakan Katsina a Dutsin-Ma, daga nan a miƙa wa 'yan sanda da takardar karɓa. Kwamishinan 'yan sanda ya faɗa a rediyo, da Hausa, cewa kawo kwanson da aka riga aka harba ba laifi ba ne.

Na biyu, cewa ake yi ko an tattara ba abin da za a yi da shi, ko ma akwai waɗanda ba sa so a sani. Wannan ya fi nauyi, kuma rahoton 2020 ɗin nan ya nuna ba zato ne kawai ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma wannan dalili ne na a ajiye kwafi a wajen da hannu ɗaya ba zai iya ɓatar da shi ba. Kafin a taɓa kwanso a ɗauke shi hoto da waya a inda yake kwance, a juya gindinsa a ɗauki lambar. A sa shi a ambulan na takarda, kowane wuri da nasa, a rubuta rana da sunan wurin. Kada a wanke, kada a goge. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana nan kusa da mu tun 2011, ita ma an sace mata ɗalibai mata a watan Oktoba na 2023, don haka ba baƙuwar wannan masifa ba ce. Tana da malaman kimiyya da madubin ƙara girma da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai. Rajistar hotuna da lambobi da ranaku ba ta fi ƙarfinta ba. Ko yau ba a yi shari'a da ita ba, tagulla ba ta ruɓewa, kuma gwamnati tana canjawa.

Akwai kuma masu cewa tun da an zauna sulhu a 2025 a ƙananan hukumomi da dama har da Kurfi, tono irin wannan zance tayar da ƙura ne. Ni ina ganin sulhun ma ya fi kowa bukatarsa. Duk sanda aka kai hari bayan sulhu, amsa ɗaya ce ke fitowa daga daji: ba mu ba ne, baƙi ne daga Zamfara. Wataƙila gaskiya ne, wataƙila ba gaskiya ba. Masu zama a teburin ba su da abin da za su auna maganar da shi sai rantsuwa. Da akwai kwanson hare-haren baya a ajiye, da an gwada an gani.

Sauran magana ta iyaye ce da 'yan gwangwan. Cikin abin da yara ke tsinta akwai harsashin da bai tashi ba, kuma shi ba ya bukatar bindiga kafin ya yi ɓarna, wutar murhu ko ta maƙera ta ishe shi. Yaron da ya ga mai kai a jiki kada ya ɗauka, ya kira babba. 'Yan gwangwan kuma suna da shugabanni a kasuwanninmu, kuma mutane ne masu jin magana idan an zauna da su cikin mutunci. Abin da suke samu a kwanso bai taka kara ya karya ba, ba zai yi musu wuya su daina saye ba, ko su ware shi su kai wa mai unguwa.

Ƙaramar hukumar Kurfi mazaɓu goma gare ta. Littafin rajista goma, da ambulan, da zama guda na masu unguwanni a fadar hakimi, kuɗinsu bai kai na tayar motar sintiri ɗaya ba. Ina roƙon shugaban ƙaramar hukuma da Maradi su fara da Barkiya da Wurma kafin huɗar bana ta binne abin da ya rage a gonaki. Koya wa masu unguwanni yadda ake ɗaukar hoton gindin kwanso da karanta lambarsa aikin yini ɗaya ne, kuma in an kira ni zan zo in yi shi ba tare da an biya ni ba.